Rufin Samaniyar Gombe

A ƙarshen Maris, in bazara ta kankama, ma'aunin zafi a garin Gombe yakan taɓa digiri 40 da azahar. A Malam Inna, unguwar da ke maƙwabtaka da Jami'ar Jihar Gombe, ɗalibai kan fito da tabarmi su kwana a tsakar gida, don kwanon rufi ba ya daina huci sai dare ya raba. A wannan lokacin kuwa, kilomita 17 kacal bisa kan unguwar, tazarar da ba ta kai tafiyar Gombe zuwa Kumo ba, sanyin iska yana wajen digiri 80 ƙasa da sifili. Wanda ya hau daidai wannan tsayi a saman Landan ko Faris zai tarar abin bai wuce 55 zuwa 60 ba. A can ƙololuwa, samaniyar ƙasashen zafi ta fi ta ƙasashen ƙanƙara sanyi. An shafe fiye da shekara ɗari ana harhaɗa dalilin guntu-guntu, kuma kusan duk sa'ad da aka auna saman ƙasarmu da gaske, to buƙatar wasu mutane ce ta daban ta kawo awon.

Rabin zancen dai manomin ƙasar Gombe ya san shi tun kafin a zo da kayan awo. Malamai suna riƙe da lissafin taurari 28, kowane da kwanakinsa 13, manomi ya je ya ji ko Zira'a ta kama ko da saura. Amma abin da ya fi wannan lissafi nauyi shi ne wanda kowa yake gani da idonsa. Iskar da ke kawo laima a farkon damina daga kudu maso yamma take busowa, daga wajen teku, alhali hadarin da ke zubar da ruwan daga gabas yake tasowa. Da la'asar iska ta ɗauke ɗif, gumi ya yi ta tsattsafowa, sai gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen duwatsun Liji. Kafin ɗigon farko wata iska mai sanyi ta riga shi isowa da ƙura da ledoji, mata su yi ta kwashe shanya, masu tireda su danne rumfa, awaki su nufi gida a guje. Wanda ya ɗaga kai kafin hadarin ya rufe shi zai ga gindinsa baƙi, jikinsa fari fat yana tasowa curi-curi, kansa kuma ya baje ya yi faɗi, ya miƙe gefe guda. Iska biyu ke nan, wata bisa wata, kowace da alƙiblarta. Bajewar kan nan kuwa shaida ce cewa akwai inda gajimare yake kaiwa ya kasa wucewa.

Labarin awo daga nesa ya faro. Ran 27 ga Agusta 1883 dutsen Krakatau na Indunusiya ya yi aman wuta, tokarsa ta haura can sama, ta kewaye duniya daga gabas zuwa yamma cikin kusan mako biyu. Masana suka rubuta cewa iskar ƙololuwa a kan layin ikwaita yamma take nufa, suka ɗauka haka take ko yaushe.

A 1902, shekarar da sojojin Turawa suka iso Bauchi da Gombe Abba, saura shekara guda a gwabza yaƙi da su a Burmi, wani Bafaranshe mai suna Léon Teisserenc de Bort ya bayyana sakamakon balan-balan fiye da 200 da ya saki a Trappes, kusa da Faris, da kuɗin aljihunsa. Da dare yake sakinsu don kada rana ta gasa ma'aunin ta ɓata lissafi. Abin da ya gani shi ne sanyi yana ƙaruwa iya hawan da aka yi, har wajen kilomita 11, daga nan sai ya tsaya cak. Kwanaki kaɗan bayan haka Richard Assmann ya sanar da irin wannan a Jamus. Teisserenc de Bort ya raba samaniya biyu: tirofosfiya, inda gajimare da ruwa da iska ke juyawa, da sitiratosfiya, inda iska take a shimfiɗe. Mu ɗauke su a matsayin bene mai hawa biyu, hawan ƙasa da hawan sama, da rufi a tsakaninsu.

Bayan shekara shida, a 1908, Arthur Berson ya jagoranci ayarin Jamusawa zuwa Shirati, a gaɓar Tafkin Victoria, ya saki balan-balan a kusa da ikwaita. Ya dawo da abin mamaki biyu. Rufin a can bai tsaya a kilomita 11 ba, ya haura 16, sanyinsa kuma ya zarce digiri 80 ƙasa da sifili. Sa'an nan iskar da ya tarar bisa rufin gabas take nufa, kishiyar ta Krakatau. Na farkon an gane dalilinsa ba da jimawa ba. Iskar da ta tashi sama tana buɗewa saboda nauyin da ke danne ta ya ragu, buɗewar kuma tana sanyaya ta, a matsakaici digiri 6 da rabi kowace kilomita. In tana ɗauke da laima, tururin yakan dunƙule ya zama ɗigo, ya saki zafin da ya kwaso daga ƙasa da teku, wannan zafi ya ƙara ingiza ta. Iskar damina maƙil take da laima, shi ya sa hadarinmu yake kai kilomita 14 ko 15, wani ma ya zarce. Iya nisan hawa, iya sanyi. Iskar Turai ba ta da wannan ƙarfi, sai ta tsaya da wuri. Bisa rufin kuma akwai iskar ozon, tana shan wani kaso na hasken rana tana ɗumama wurin, don haka iskar da ta taso takan tarar da wadda ta fi ta ɗumi, ta rasa hanya, ta baje. Abin mamaki na biyun kuwa sai da ya yi shekara 50 yana jiran mai warware shi.

A Arewa Turawan mulki ba su damu da kilomita 17 ba. Gyaɗa da auduga da haraji ne a gabansu, don haka mazubin awon ruwa suka kakkafa a barikoki. Rajistar ruwan Kano tun 1905 ta soma. A cikinta ake ganin yadda daminar 1913 ta gaza, aka faɗa yunwar da tsofaffi suka kira Kakalaba. Mazubi yana faɗin yawan ruwan da ya sauka, amma ba ya faɗin abin da ya hana shi sauka.

Jirgin sama ne ya tilasta a ɗaga kai. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Kartum har Alƙahira. Dubbai ne suka bi wannan hanya, kuma manyan abokan gaban matuƙa a cikinta su ne hazon hunturu da hadarin gabas. Sai ga ma'aikatan awo a filayen jirgi: mutum ya cika ƙaramin balan-balan da iskar haidirojin, ya sake shi, ya bi shi da madubin awo mai ƙafa uku, yana karanta kusurwa duk bayan minti guda, abokinsa yana rubutawa, har ɗigon ya ɓace a gajimare. Daga waɗannan lambobi ake fitar da ƙarfin iska da alƙiblarta a kowane tsayi. Daga baya aka riƙa rataya wa balan-balan ɗan akwati mai rediyo, yana aiko da zafi da laima da nauyin iska yana hawa, har robar ta fashe.

A 1945 R. A. Hamilton da J. W. Archbold suka buga dogon bayani kan yanayin Najeriya, wanda aka daɗe ana dogara da shi. Suka fayyace iyakar da ke tsakanin busasshiyar iskar Sahara da iskar teku mai laima, da yadda take kai gwauro ta kai mari kowace shekara. A Janairu tana can kusa da gaɓar teku, a Agusta ta kai wajen digiri 20 arewa da ikwaita, can cikin hamada. Gombe, da take kan digiri 10, iyakar takan wuce ta kanta wajen Maris zuwa Afrilu, ta dawo bayan kaka. Ruwa ba ya biyo ta nan take, sai ta yi gaba da ɗaruruwan kilomita, laimar ta yi kauri. Wannan tazara ita ce bazara, lokacin da ake jin damshi a jiki amma ba a ganin ɗigo. Suka kuma siffanta hadarin da ke jeruwa layi guda daga arewa zuwa kudu yana tafiya yamma.

Yaƙin Duniya na Biyun dai ya haifar da wata tambaya a Ingila. Jirage suna barin farin layi a bayansu, abokan gaba suna hango su daga nesa, hukuma tana son sanin tsayin da layin ke daina fita. Alan Brewer, wanda yake aiki da Gordon Dobson na Jami'ar Oxford, ya hau jirgi da na'urar awon laima, ya tarar iskar da ke bisa rufin ta bushe ƙayau: in an kasa ta kashi miliyan, tururi bai wuce kashi kaɗan ba. Sanyin rufin Ingila bai isa ya tatse iska haka ba. Wuri ɗaya ne yake da sanyin da zai iya, wato rufin ƙasashen zafi da Berson ya auna. A 1949 Brewer ya rubuta cewa iska tana shiga hawan sama ne ta ƙasashen zafi, laimarta ta daskare ta zube a bakin rufin, sa'an nan ta gangara sannu a hankali zuwa ƙuryar arewa da ta kudu ta sauko. A 1956 Dobson ya nuna cewa yadda ozon ya rarrabu a duniya ya yi daidai da wannan zagaye. Ba Afirka ce babbar mashigar ba, saman Indunusiya da yammacin Tekun Pasifik ya fi sanyi, amma ɗamara guda ce, mu ma muna cikinta. A ganina wannan ne mafi kyawun aiki a duk labarin: mutum ya auna busasshiyar iska bisa Ingila, ya gane yanayin wurin da bai je ba.

Saɓanin Krakatau da Berson ya warware a 1960 zuwa 1961, lokacin da Richard Reed a Amurka da R. A. Ebdon a Ingila, kowa a gefensa, suka bi rajistar balan-balan ta tsibiran Pasifik, musamman Canton. Ashe dukansu biyu gaskiya suka gani. Iskar hawan sama a kan ikwaita juyawa take yi: ta yi wata da watanni tana nufin yamma, sai wata mai nufin gabas ta ɓullo daga sama, ta riƙa saukowa kusan kilomita guda kowane wata har ta maye gurbinta, daga baya ita ma a maye nata. Zagaye guda yakan ci wajen wata 28. Ba ya bin rana, ba ya bin wata, ba ya bin shekara. A 1968 Richard Lindzen da James Holton suka kawo bayanin da ya tsaya har yau, bayan gyare-gyare: manyan hadarurrukan ƙasashen zafi, in sun tunkari rufin, suna tayar da igiyoyi a cikin iska, igiyoyin su haura, su mutu a wani tsayi, su bar ƙarfinsu a can, wannan ƙarfi ne yake jan iskar gabas ko yamma. Juyin yana tafe da nasa zafi da sanyi. In mai nufin gabas ce ke saukowa rufin yakan ɗan ɗumama, in ɗayar ce yakan ƙara sanyi. Duk hadarin da ya ratsa Biu ya faɗo Gombe yana da ɗan kasonsa a wannan aiki. William Gray na Jami'ar Jihar Colorado ya sa wannan juyi cikin hasashen guguwar Atlantika daga 1984, ya ci ribarsa shekaru, sai alaƙar ta dusashe a tsakiyar shekarun 1990, dole ya ajiye shi. Masu hasashe sun sha irin wannan.

Wanda ya biyo labarin zuwa nan zai yi tsammanin rufin Gombe ya fi sanyi a Agusta, lokacin malka, da hadari ke tashi kusan kullum. Akasin haka ne. Ya fi sanyi a Janairu da Fabrairu, tsakiyar hunturu, sa'ad da babu ko ƙyallin gajimare sai hazo, ya kuma fi ɗumi a Agusta. Bambancin yakan kai digiri 4 zuwa 8, gwargwadon tsayin da aka auna. Haka abin yake a duk ɗamarar ƙasashen zafi, arewa da kudu a lokaci guda, don haka ba damina ce ke sarrafa shi ba. Reed ya lura da wannan tun 1969, amma sai a 1994 Elena Yulaeva da Holton da John Wallace suka nuna inda igiyar take ɗaure. A lokacin sanyin Turai da Asiya, iska mai ƙarfi tana karo da duwatsun Himalaya da na yammacin Amurka, ta tayar da manyan igiyoyi, su haura hawan sama su ƙara wa zagayen Brewer da Dobson gudu. Zagayen ya zuƙo iskar ƙasashen zafi sama da sauri, ita kuwa ta buɗe ta ƙara sanyi. Hadari ne yake ɗaga rufin, amma hawa da saukar sanyinsa a cikin shekara daga wata nahiya ake juya shi.

Fari ne ya dawo da idon duniya kanmu. Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, 1972 da 1973 suka zo da masifa, dabbobi suka ƙare, mutanen arewa suka kwararo kudu da ƙoƙon bara. Tafkin Chadi, da yake da faɗin wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, da cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. A 1975 Jule Charney, babban masani a MIT, ya kawo bayanin da ya yi tashe: in kiwo ya cinye ciyawa ƙasa takan yi fari, ta mayar da hasken rana sama, iskar da ke bisanta ta yi sanyi ta sauko, gajimare ya kasa tashi. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma da ya fita daga hannun masana ya shiga ofisoshi sai ya zama tuhuma: makiyayi da mai saran itace su suka kori ruwa. A masarautar Gombe, wadda Buba Yero ya kafa, ba sai an faɗi wanda wannan tuhuma ta faɗa wa ba.

Balan-balan kuwa wani abu daban suke nunawa. Bisa Arewa a damina akwai manyan iskoki biyu masu nufin yamma. Ɗaya tana tsayin kilomita 3 zuwa 4, bambancin zafin Sahara da sanyin kurmi ne yake haifar da ita. Robert Burpee ya nuna a 1972 cewa ita ce take karkacewa ta haifi igiyoyin da ke wucewa duk bayan kwana 3 zuwa 5, abin da ya sa ruwan damina yakan zo ya huta ya dawo. Ɗayar tana can kusa da rufi, kilomita 12 zuwa 15, daga daminar Indiya take tasowa; P. Koteswaram, Ba'indiye, ya siffanta ta a 1958. A shekarun fari ta saman nan takan yi rauni. Babu garken da ya isa ya raunana iskar da ta taso daga Asiya. A 1974 ƙasashe wajen 70 suka haɗa jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama 13 a gagarumin awon GATE, hedkwatarsa a Dakar. An koyi abu mai yawa kan igiyoyin nan, amma a lura da inda aka jera jiragen: a kan teku, inda igiyoyin suke rikiɗa su zama guguwar da ke afka wa Amurka. Mafi yawan manyan guguwowin Atlantika daga wannan gefen namu suke samo asali.

Sai fari ya dawo a 1983 da 1984, ya ma fi na baya tsanani.  A 1986 Chris Folland da Tim Palmer da David Parker na ofishin yanayi na Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin zafin tekunan duniya: in tekunan kudu sun fi na arewa ɗumama, damina ba ta haurowa sosai. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka sa tarihin zafin teku kaɗai a kwamfuta, sai ga mafi yawan hawa da saukar ruwan Sahel na ƙarni ya fito, ba tare da an sa saniya ko gatari a lissafin ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya arewacin Atlantika a waɗancan shekaru.

El Nino ma ta sama yake iso mana. In gabashin Pasifik ya ɗumama, kamar a 1972 da 1982 da 1997, hadarin can yakan saki zafi mai yawa, cikin watanni kaɗan zafin ya bazu a hawan ƙasa na duk ƙasashen zafi, gindin hawan sama kuma ya ƙara sanyi. Iskar laima da ta taso daga gonakin Akko ko Kwami sai ta tarar da sama ta riga ta yi ɗumi, ƙarfin hawanta ya ragu, hadari ya haɗo ya watse. Ba kowane El Nino ne yake kawo fari ba, ba kuma kowane fari ne nasa ba, 1984 shaida ce. Duk da haka halin Pasifik yana cikin abubuwan farko da hukumar NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, take dubawa kafin ta fitar da hasashen damina. A tsawon waɗannan shekaru, daga 1984 zuwa 2003, ɗan Najeriya ne yake riƙe da Hukumar Yanayi ta Duniya, Godwin Obasi, haifaffen Ogori.

Shekarar 2006 ce aka fi auna saman Afirka ta Yamma a tarihi. Shirin AMMA, wanda Faransa ta jagoranta, ya tarar tashoshin balan-balan da yawa sun daina aiki, wasu babu iskar cikawa, wasu babu hanyar aika sakamako. Aka gyara tsofaffi, aka kafa sababbi a Abuja da Kwatano da Parakou da Tamale, aka saki balan-balan wajen 7,000 daga Yuni zuwa Satumba. Amurka ta girke tashar awo a filin jirgin Yamai shekara guda cur. Daga Wagadugu wani jirgin Rasha mai suna Geophysica, wanda asalinsa na soja ne, ya riƙa hawa kusan kilomita 20. Daga Damagaram aka saki manyan balan-balan da suka yi ta shawagi a hawan sama, iska tana kai su yamma bisa Atlantika, suna sako ƙananan na'urori ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka saki a Yamai a Agusta kuwa suka tarar da ƙwayoyin ƙanƙara da laima bisa rufin, inda Brewer ya ce a bushe yake. Ashe hadarin Sahel mafi ƙarfi yakan huda rufin na ɗan lokaci ya watsa ƙanƙara a hawan sama. Tauraron ɗan Adam na TRMM, wanda Amurka da Japan suka harba a 1997, ya riga ya nuna cewa irin wannan huji ya fi yawa a kan tudu, musamman Afirka, ba a kan teku ba.

Wannan ɗan tururi ba abin rainawa ba ne. Bayan 2000 rufin ƙasashen zafi ya ɗan ƙara sanyi, laimar hawan sama ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100, kuma Susan Solomon da abokan aikinta suka lissafa a 2010 cewa hakan ya rage saurin ɗumamar duniya a waɗancan shekaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Sanyin kan gajimare ya zama ma'aunin ƙarfin hadari, tun da tauraro yana iya karanta shi daga sama. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka bi hotunan shekara 35, suka ƙirga hadarurrukan Sahel da kansu ya zarce digiri 70 ƙasa da sifili, suka tarar yawansu ya ninka uku tun 1982. Dalilin da suka kawo shi ne Sahara tana ɗumama fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, iskar nan ta tsayin kilomita 3 zuwa 4 ta ƙara kaifi, hadari ya ƙara tsari da ƙarfi. Ruwa ya dawo bayan fari, amma da wani hali daban: zuba guda mai nauyi, sa'an nan tsaiko. Gombe tana bakin kudu na wannan yanki, garin kuma a gangare yake, daga tudun Tumfure zuwa gabas, bisa ƙasa mai yashi. Mutanen garin ba su manta ambaliyar Agusta 2004 ba. Kwarin da ya taso daga jami'a ya ratsa Malam Inna zuwa Kagarawal ya ci gidaje da hanyoyi kafin a ɗaure shi da siminti a ƙarƙashin shirin NEWMAP mai tallafin Bankin Duniya. Gine-gine barkatai da toshe magudanai suna da laifinsu babba, kada a ɗora wa sama komai, amma injiniyan da zai auna faɗin kwalbati da rajistar ruwan shekarun fari ya yi lissafi da hadarin da ba shi ne yake zuwa yanzu ba.

A Fabrairu 2016 juyin iskar nan na wata 28, da ya shekara fiye da 60 bai saɓa ba, ya karkace: iska mai nufin yamma ta ɓullo a tsakiyar mai nufin gabas ba a lokacinta ba. Ya sake yin haka a ƙarshen 2019 zuwa 2020. An gane karkacewar ne don akwai rajistar da ba ta yanke ba tun 1953, daga Canton zuwa Gan a tsibiran Maldives, daga 1976 kuma Singafo, inda ake sakin balan-balan kullum, ko da wani shiri na musamman ko babu. A Afirka kuwa, bisa lissafin Hukumar Yanayi ta Duniya, yawan awon balan-balan ya ragu da kusan rabi tsakanin 2015 da farkon 2020. Taurarin ɗan Adam suna cike wani gurbi, amma su ma da awon balan-balan ake daidaita su. A 2021 ƙasashen hukumar, har da Najeriya da Nijar, suka amince da ƙa'idar da ta fara aiki a 2023: a kan tudu a samu tashar awon sama duk bayan kilomita 500, tana sakin balan-balan sau biyu a yini. Lokutan da duniya ta saba yi tare sun faɗa ƙarfe 1 na dare da ƙarfe 1 na rana agogon Najeriya, kuma kowane saki yana cin roba guda, da iskar cikawa, da na'urar da ba a sa ran dawowarta.